Washi

washi (suna, namiji): goga bakin ƙarfe a kan dutse har ya yi kaifi. Masassaƙi ba ya taɓa icen turmi sai ya wasa gizagonsa, domin dasasshen baki yagar itace yake yi, ya gajiyar da hannu a banza. Akan fara da mawashi mai kaushi don cire giɓi, a ƙarasa da mai santsi, ana ɗiga ruwa don garin ƙarfe kada ya toshe dutsen. Gwaninta tana wurin riƙo: hannu ya yi rawa, baki ya lalace. In yatsa ya ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso ta bayan baki, washi ya kai. Zarto kuwa sai magagari. Misali: Gatarin nan ya dakushe, yana son washi.