'Yanci, Ƙasa da Daula a Waƙoƙin Ingila na Zamanin Biktoriya: Misalin Hartum da Umdurman

Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, wanda duk ya ratsa Suƙ Sha'abi a Umdurman zai ji Hausa a bakin 'yan kasuwa, kuma zai ga naman da Sudanawa ke kira agashe, kalmar da ɗalibin Hausa ba ya buƙatar ƙamus kafin ya gane asalinta. Arewa da wannan kasuwa, tafiya kaɗan, akwai duwatsun Karari. A nan ne ranar 2 ga Satumba, 1898, rundunar Kitchener ta kashe mayaƙan Halifa Abdullahi kimanin dubu goma, alhali nata mamatan ba su kai hamsin ba. Wannan takarda za ta duba yadda mawaƙan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya (1837-1901) suka kalli wannan ƙasa.

Mawaƙan nan ba su jahilci 'yanci ba. Elizabeth Barrett Browning ta yi wa Italiya kuka a Casa Guidi Windows (1851), Swinburne kuma ya yi Songs before Sunrise (1871) don goyon bayan Mazzini. Tennyson, mawaƙin fada daga 1850 zuwa 1892, ya ɗauki 'yanci a matsayin gadon Ingila wanda ya girma sannu a hankali ta hanyar doka da majalisa. Amma da Mahadi Muhammad Ahmad ya kori mulkin Turkawa da Misirawa, ya ci Hartum ranar 26 ga Janairu, 1885, Tennyson bai ga al'umma mai neman mulkin kanta ba. Janar Gordon da aka kashe ya gani, ya yi masa baitocin marsiyya a matsayin bawan Allah mai taimakon raunana.

Kipling ya fi sarƙaƙiya, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A Fuzzy-Wuzzy (1890) ya sa sojan Ingila ya yabi Hadandawa, mutanen Usman Digna, waɗanda suka keta sahun Turawa a Tamai a 1884. Yabo ne na gaske, irin wanda ɗan dambe ke yi wa wanda ya taɓa kai shi ƙasa. To amma sunan waƙar kansa ba'a ce ga sumar kansu, kuma babu inda aka tambayi dalilin yaƙin nasu. An ba su jarumta, an hana su ƙasa. Bayan Karari sai ya yi Kitchener's School (1898), inda ya sa waƙar a bakin Musulmin Indiya yana kiran Sudanawa su zo makarantar wanda ya ci su da yaƙi. Makarantar ita ce Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a 1902, ta zama Jami'ar Hartum a 1956. Abin lura, ɗalibanta na cikin waɗanda suka kafa Taron Masu Ilimi a 1938, wanda ya nemi Sudan ta zaɓi makomarta.

Wilfrid Blunt ne ya fita zakka. Ya goyi bayan Ahmad Urabi, ya la'anci mamayar Masar a The Wind and the Whirlwind (1883), har aka ɗaure shi a 1888 saboda batun Ayalan. A ganina waƙarsa ba ta kai ta Kipling armashi ba, sai dai shi ne ya auna Masar da mudun da aka auna Italiya.

Shekara biyar bayan Karari, irin wannan bindiga ta Maxim ta iso Sakkwato. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya jagoranci saura zuwa gabas, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. A shekarar ce kuma Alhaji Umaru Salaga ya yi Waƙar Nasara, inda ya jero garuruwan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya. Ana son ɗalibai su karanta ta tare da Kitchener's School, su lura da wane ne mai magana a kowace waƙa, da kuma wanda ake yi wa maganar.