Yadda Taga Ta Shiga Kwamfuta

Duk wanda aka taɓa miƙa wa takardar zanen gida, ko da bai san kan abin ba, zai lura cewa bango layi biyu ne masu kauri, ƙofa kuma an yi mata ɗan baka mai nuna inda za ta buɗe. Taga kuwa, sai ka ga bangon ya yanke, an cike gurbin da siraran layuka uku ko huɗu. A kan waɗannan 'yan layuka nake son mu ɗan tattauna, mai karatu, domin a ganina da yawa daga zafin da muke sha a ɗakunanmu na zamani daga nan ya samo asali.

Da farko ya kamata a san cewa zanen shimfiɗar gida ba hoton gida ba ne daga sama. Mai zane yana ƙaddarawa ne kamar ya sa wuƙa ya yanke ginin a kwance, wajen mita 1.2 daga daɓe, ya ɗage saman, ya leƙa ciki. Abin da wuƙar ta ratsa shi ake zanawa da layi sosai. Tagar da aka saba, wadda ke farawa daga santimita 90 ta ƙare a linta, wuƙar tana bi ta tsakiyarta, don haka take fitowa sarai. Wadda ke can sama kuwa, kamar ta banɗaki, sai dai a nuna ta da layi mai ɗigo-ɗigo. A ma'aunin 1 bisa 100, taga mai faɗin mita 1.2 milimita 12 ce kacal a takarda, bulo mai inci 9 kuma bai wuce milimita biyu da 'yan kai ba.

Shekaru aru-aru da hannu ake wannan aiki. Zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce kayan aikin su ne allon zane, rula, takarda shara-shara da alƙalamin tawada irin Rapidograph, wanda kamfanin Rotring na Jamus ya fitar a 1953. Bene mai taga ɗari biyu, sau ɗari biyu za a zana ta. In mai gida ya ce a ƙara faɗinsu, to sai a ɗauko reza a yi ta kankare tawada, wani lokaci har takardar ta huje. Wahala ce, babu shakka, amma wahalar tana tilasta wa mutum tsayawa a kan kowace taga ya tambayi kansa ina ta fuskanta.

A 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland, a jami'ar MIT ta Amurka, ya gabatar da manhajar Sketchpad, wadda ke aiki a kan wata makekiyar kwamfuta mai suna TX-2. Da wani alƙalami mai haske ake zane a kan fuskar allonta. Babbar hikimar da ya zo da ita ita ce a zana abu sau ɗaya a matsayin uwa, a yi ta haifar da kwafinsa, in an gyara uwar duk 'ya'yan su gyaru. Sai dai irin wannan na'ura ta fi ƙarfin ofishin mai zanen gini. Kusan shekara ashirin manyan kamfanonin jiragen sama da na motoci ne suka fi cin moriyar zane da kwamfuta.

Abin ya sauko ƙasa ne a ƙarshen 1982, lokacin da kamfanin Autodesk, wanda John Walker da abokansa suka kafa, ya fitar da AutoCAD mai aiki a ƙaramar kwamfutar tebur. A cikinta mutum kan zana taga ɗaya, ya ɗaure layukanta wuri guda, ya ba ta suna, ya ajiye. Sunan da suka ba wannan ɗauri a Turance shi ne dai kalmar da muka ara muka ce bulo, kuma kamar bulon ake jera shi. Amma kwamfutar ba ta san taga ce ba, layuka kawai take gani. Kai ne za ka yanke bangon, ka cusa ta, in ka matsar da ita ka koma ka ɗinke gurbin, sannan ka je zanen fuskar gidan ka gyara can ma.

Masu ArchiCAD na ƙasar Hungari, tun cikin shekarun 1980, da kuma Revit da ta fito a 2000 kafin Autodesk ya saye ta a 2002, sun bi wata hanya dabam. A wajensu taga ta san kanta, ta san faɗinta da tsayinta, ba ta zama sai a jikin bango, kuma da ka ɗora ta ita ke huda bangon. Ka matsar da ita a zanen shimfiɗa, ta matsa a zanen fuska, ta gyara lissafinta a jadawalin tagogi.

To ina maginanmu a wannan labari? Su ba su yi zane a takarda ba. A ƙasa ake shata gida, sarkin magina da mai gida suna tsaye. Babban Gwani Muhammadu Durugu haka ya tayar da masallacin Juma'a na Zariya a wajejen shekarun 1830, da bakan gizonsa da har yau ɗaliban gini ke zuwa kallo. Ita kanta kalmar taga daga Larabci muka samo ta. Tagar soro ƙarama ce, can sama kusa da azara, a jikin katanga mai kauri. Iska mai zafi takan tashi ta fita ta nan, rana ba ta samun hanyar kwararowa, ƙurar hunturu ta ragu, mai wucewa kuma ba ya ganin matan gida.

Mai karatu ya tuna inda wuƙar nan take yanka. Tagar soro tana sama da ita. Wato a ƙa'idar zanen da muka gada, tagar da ta dace da yanayinmu ita ce wadda ake yi wa ɗigo-ɗigo, sahu ɗaya da ta banɗaki. A rumbun tagogin da manhajojin ke zuwa da shi kuwa, abin da ke gaba-gaba shi ne tagogin ƙasashen sanyi, masu neman rana ta shigo.

Ni ban ga laifin kwamfuta ba, don babu abin da ya hana mutum ya zana tagar soro ya ajiye a rumbunsa, aikin minti kaɗan ne. Abin da na lura da shi dai shi ne kwafi ya yi arha. Taga guda mai mita 1.2 ta kowane gefe, ta alminiyum mai zugewa, ita ake mannawa gabas da yamma, kudu da arewa, a Kano ko a Maraɗi. Irin wannan kuwa rabinta kawai ke buɗuwa, ɗaya rabin gilashi ne da ke tara zafi. Wadda ta kalli yamma takan sha ranar la'asar ta Afrilu kai tsaye, wadda ta kalli titi kuma mai gida kan rufe ta da labule mai kauri tun ranar tarewa, ya ƙara da ƙarfen tsaro, sannan ya shiga neman kuɗin fanka da janareta.