Daga Jiƙon Ganye Zuwa Ƙwayar Asibiti: Tarihin Maganin Zazzaɓi na Ƙasar Sin

Duk lokacin da aka taso da gardamar maganin gargajiya da na asibiti, nakan lura mutane sun fi damuwa da inda magani ya fito, daji ko masana'anta. Ni kuwa a ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: in an sha magani, nawa ne daga cikinsa ke isa jini, kuma tsawon wane lokaci yake zama a can? Tarihin wani ganye na ƙasar Sin mai suna cinghao, ɗan uwan tazargaden da muka sani, ya isa misali.

A shekarun 1960 zazzaɓin cizon sauro ya addabi sojoji a yaƙin Biyetnam, domin ƙwayar cutar ta fara bijire wa kulorokwin, maganin da aka haɗa a Jamus tun 1934. Biyetnam ta Arewa ta nemi taimakon Sin, sai aka kafa wani shirin bincike na sirri ranar 23 ga Mayu 1967, aka kira shi Shiri na 523. A 1969 aka ɗora wata masaniya, Tu Youyou, a kan ɓangaren magungunan gargajiya. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen magani fiye da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani.

Cinghao ya ba su wahala: wani lokaci ya yi aiki a jikin ɓeraye, wani lokaci ya ƙi. Sai Tu ta koma ga rubutun Ge Hong, wani malamin magani na ƙarni na 4, ta tarar bai ce a dafa ganyen ba, jiƙawa ya ce a yi a matse a sha. Ta yi zargin zafi ke lalata sinadarin, ta koma tace shi da ƙaramin ɗumi. Ranar 4 ga Oktoba 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar baki ɗaya a jikin ɓeraye. A 1972 ta gwada shi a jikinta kafin a bai wa marasa lafiya, kuma a shekarar ce aka ware sinadarin zalla, wanda ake kira atemisinin. Wannan aiki ya sa ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015.

Da aka fara auna jinin masu shan sabon maganin, sai aka gano halinsa. Yana da kaifi ƙwarai, yana rage ƙwayoyin cuta kusan ninki 10,000 a cikin kwana biyu, amma ba ya zama. Cikin 'yan awanni rabinsa ya fice daga jini, alhali kulorokwin kan yi makonni a jiki. Shi ya sa in an sha shi kaɗai sai an cika kwana 7, in ba haka ba zazzaɓin ya dawo. Mafita ita ce a haɗa shi da abokin tafiya mai jimawa, kamar lumefantirin, wanda shi ma a Sin aka ƙirƙiro shi, mai ɗaukar kwanaki kafin ya ragu. Haɗin nan shi ne Coartem da ire-irensa da ake sayarwa a kantunan magani daga Kano zuwa Maraɗi da Kumasi: sha shida cikin kwana uku. Awon jini ne kuma ya nuna lumefantirin ya fi shiga jiki in an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo.

To, ina labarin shayin ganyen kansa? A 2004 masu bincike a Tubingen ta Jamus sun jiƙa giram 9 na busasshen ganye a lita ɗaya ta ruwa, suka samu atemisinin kimanin miligiram 94, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na miligiram 500 da ake bayarwa a rana. Ya shiga jini da sauri, amma bai kai yawan da ƙwaya ke kaiwa ba. A wani gwaji a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, masu shan shayin sun ji sauƙi, sai dai zazzaɓin ya dawo wa da yawansu. Ga kuma wata matsala: ƙarfin ganyen na canzawa gwargwadon iri da ƙasa da lokacin girbi da yadda aka adana shi. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan a yi maganin zazzaɓi da shayin, ta kuma nanata hakan a 2019.

Ban kawo wannan don raina maganin gargajiya ba. Shi kansa kwinin na Turawa daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka aka ware shi a Faransa a 1820. Bambancin da ke tsakanin jiƙo da ƙwaya awo ne: ita ƙwaya an san nawa ke cikinta, an san nawa ke isa jini.

Abin tsoro shi ne, maganin da bai kai ƙarfi a jini ba yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu taurin kai su yaɗu. Haka aka yi asarar kulorokwin. An fara ganin jinkirin aikin atemisinin a yammacin Kambodiya wajen 2008, daga baya aka tabbatar da alamunsa a Ruwanda da Uganda. Don haka shawarata ga mai zazzaɓi: a gwada jini tukuna, in an ba ka magani ka shanye shi duka ko ka ji sauƙi a rana ta biyu, kada kuma ka bar rabin fakiti don wani yaro. Allah Ya ba mu lafiya.