Kare kundin doktora: yadda abin yake tafiya a Nijar

Kare kundi, wanda ɗalibai ke kira "sutnans", shi ne zaman da mai neman doktora ke yi gaban kwamitin malamai don bayyana bincikensa da amsa tambayoyi. A tsarin LMD da jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ke bi, lisans shekara 3 ce, mastar 2, doktora 3 a kan takarda, ko da yake ta kan zarce haka, musamman ga mai aikin gwamnati ko mai iyali.

Dangi kan ɗauka ranar zaman ce ranar hukunci. A gaskiya an yanke mafi yawansa tun kafin nan. Bayan malamin da ya jagoranci aikin ya amince, a kan miƙa kundin ga wasu masana su karanta, su rubuta rahoto. In suka ce bai nuna ba, ba a sa rana. Ɗalibi ya koma gyara. Shi ya sa da wuya a ga wanda ya faɗi a bainar jama'a.

Ranar zaman ƙofa a buɗe take. Ɗalibi ya taƙaita aikinsa, kowane malami ya yi suka da tambayoyi, sannan kwamiti ya keɓe ya yi shawara kafin shugabansa ya faɗi sakamako, kowa na tsaye.

Kundin ɗaliban likita daban ne: shi ke rufe karatunsu, a nan suke rantsuwar aiki. Mai doktora da ya shiga koyarwa kuwa, ƙarin matsayinsa na hannun hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu.