John McEwen Dalziel da Nazarin Tsirran Arewacin Najeriya

John McEwen Dalziel (1872–1948) likita ne kuma masanin tsirrai ɗan asalin Sikotlan, wanda ya aza harsashin rubuta tsirran ƙasar Hausa a ilimin zamani. An haife shi a Nagpur ta ƙasar Indiya, ya yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh, ya yi aiki a ƙasar Sin, sannan ya shiga aikin likitancin gwamnati a Afirka ta Yamma a 1905.

A wuraren da ya zauna, irin su Katagum da Sakkwato da Yola, yakan tsinko ganye da fure, ya busar, ya aika lambun Kew da ke Landan. Abin da ya bambanta shi da yawancin tsararrakinsa shi ne tambaya. Bai wadatu da sunan Latin ba, sai ya ji yadda manomi da makiyayi da mai magani suke kiran tsiro, da abin da suke yi da shi. Daga nan ne littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary ya fito a 1916.

Bayan ya ajiye aikin likita ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka wallafa Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936. A 1937 ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa, kan amfanin tsirrai wajen abinci da magani da sana'a.

Hutchinson ya karrama shi da sa wa itacen hano, wato ararrabi, suna Boswellia dalzielii. Mai sayar da sassaƙe a Nasarawa Gwom ta Jos ba baƙon wannan itace ba ne. Itacen yana fitowa a kan duwatsu, ɓawonsa fari-fari ne mai saɓulewa siriri kamar takarda, furensa yana buɗewa da rani bayan ganye ya zube. Ana dafa sassaƙensa don zazzaɓi da ciwon ciki, ana turare da ƙaronsa.

Hano ɗan'uwa ne ga itatuwan lubban na Somaliya da Oman, waɗanda suke kafa saiwa a tsagin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Ashaka da Kalambaina. Tsaunukan Jos kuwa, inda hano yake fitowa, mafi yawansu na dutsen giranit ne mai tauri da duwatsun aman wuta. Kwatanta dangi ɗaya a kan duwatsu mabambanta na cikin hanyoyin da masana suke bi don gano yadda tsirrai suka sauya suka dace da mazauninsu, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da samfuran da aka adana.

R. W. J. Keay da F. N. Hepper sun sabunta Flora tsakanin 1954 da 1972, H. M. Burkill kuma ya faɗaɗa littafin amfanin tsirrai daga 1985. Har yau ɗaliban Jami'ar Jos da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke garin suna komawa ga waɗannan littattafai, waɗanda kaso mai yawa na iliminsu daga bakin mutanen karkara aka samo shi.