Matan Oak Ridge, Garin Sirri na Yaƙin Duniya na Biyu

Oak Ridge gari ne a jihar Tennessee ta Amurka wanda sojoji suka kafa a 1942 domin tace yuraniyom na haɗa bam ɗin nukiliya, a ƙarƙashin shirin Manhattan da Janar Leslie Groves ya jagoranta. An tashi manoma daga gonakinsu, aka kewaye wurin da waya, aka sa masu gadi a kowace ƙofa. Zuwa 1945 mutum kusan 75,000 ke zaune a ciki, amma ko a taswira ba a sa sunan garin ba. Da yake maza sun tafi fagen daga, sai aka koma ga mata.

Aikin da ya fi fito da su shi ne na masana'antar Y-12, wadda kamfanin Tennessee Eastman ke gudanarwa a lokacin. 'Yan mata wajen 10,000 aka ɗauka, yawancinsu 'yan ƙauye da ba su daɗe da gama sakandare ba. Kowacce za ta hau doguwar kujera a gaban injin da ake kira kalutron, idonta a kan allurar mita, hannunta a kan maɓalli. In allura ta kauce, ta murɗa ta dawo da ita. Maganaɗisun injinan yana da ƙarfin da yake fizge fil daga gashin mace. Ba a gaya musu abin da suke tacewa ba, kuma duk wadda bakinta ya cika sauri, washegari sai a ga wata a kujerarta. Da aka gwada su da masana kimiyya na tsawon mako guda, matan ne suka fi fitar da kaya, domin su masanan ba sa iya haƙura da binciken dalilin kowane motsin allura.

Baƙaƙen mata su suka fi shan wuya, kuma wannan ɓangaren ne aka fi saurin tsallakewa idan ana ba da labarin. Shara da goge-goge aka ba su. An zuba su a ɗakunan katako masu ƙafa 16 tsawo da faɗi, a wani shinge daban, an raba mace da mijinta ko da da aurensu suka zo. Kattie Strickland, mai shara a masana'antar K-25, dole ta baro 'ya'yanta a Alabama, tana aika kuɗi gida. Gwamnatin da ke yaƙi da wariyar Hitler ita ce ta tsara wannan da hannunta.

Afirka ma na da hannu a ciki. Mafi kyawun ma'adinin da aka yi aiki da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga ya fito, a Kwango lokacin mulkin Beljiyam, inda 'yan ƙasa suka haƙo shi ba tare da kariya daga gubarsa ba.

Sai ranar 6 ga Agusta 1945, da aka jefa bam a Hiroshima, matan suka ji a rediyo abin da suka yi ta haɗawa. Wasu sun yi murnar yaƙi zai ƙare, 'yan'uwansu su dawo; wasu kuwa abin ya tsaya musu a rai har tsufa. A ƙarshen 1946 aka rufe yawancin injinan, aka sallami dubban matan. An buɗe ƙofofin garin ga jama'a a Maris 1949. A 2013 Denise Kiernan ta fitar da littafin The Girls of Atomic City, wanda ta gina a kan hirarraki da waɗanda suka rage a raye.