Makawo: abin da hannun baƙo ke taɓawa

Makawo ƙaramin gari ne a gaɓar kudancin ƙasar Sin, daga yammacin inda kogin Lu'ulu'u yake zuba cikin teku, Hong Kong na daga gabas. Faɗinsa duka, har da tsibiran Taipa da Kolowan da filin da aka cike teku aka samu, kimanin murabba'in kilomita 33 ne, mazaunansa kuwa ba su cika dubu 700 ba. Duk da haka, a shekara ta 2019 baƙi fiye da miliyon 39 suka shiga shi. Caca ce ta kai da yawa daga cikinsu, domin nan kaɗai ne doka ta yarda da manyan gidajen caca a duk ƙasar Sin, kuma a 2006 kuɗin da suka tara ya zarce na babban titin Las Vegas ta Amurka. Hukumomin garin ba su son a san su da wannan kawai. Shi ya sa suke jan ƴan yawon buɗe ido zuwa tsohon birni, wanda UNESCO ta saka cikin gadon duniya a 2005, da gine-gine 22 da dandali 8.

Zamanin da baƙo zai tsaya ya kalla kawai ya wuce. Yanzu so ake ya sa hannu. A wani wuri za a ba shi farin karo da alƙalamin fenti ya zana fure da shuɗin launi, irin karon da Turawan Fotugal ke kira azulejo, sunan da ya samo asali daga Larabci, ɗan'uwan zallij na Maroko. A wani shagon zai ga yadda ake danna garin wani ƙaramin koren wake da aka cuɗa da sukari da ƴaƴan lauz cikin mazubin katako, a buga mazubin biskit ɗin ya faɗo, a gasa bisa gawayi. Zai ci gaton ƙwai da zafinsa, ya taka daɓen duwatsu baƙi da fari na dandalin Senado mai zanen igiyar ruwa, ya hau matakala 68 zuwa bangon cocin Santo Paulo ya ɗauki hoto. Da yamma ya koma masauki yana ganin ya taɓa ƙarni huɗu da rabi na haɗuwar Sin da Fotugal.

Mai son tarihi yana da tambaya ɗaya da zai yi wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa: shekarunka nawa? Amsar tana da ban mamaki. Daɓen dandalin Senado, wanda ya fi komai kama da Lisbon, a farkon shekarun 1990 aka shimfiɗa shi, bayan Sin da Fotugal sun riga sun rattaba hannu a 1987 kan ranar miƙa mulki. Gaton ƙwai kuwa, wanda ya zama tambarin garin, wani Bature ɗan Ingila mai suna Andrew Stow ne ya fara gasa shi a shagonsa na Kolowan a 1989, bayan ya ɗanɗana irin na Lisbon ya sauya shi daidai da bakinsa. Wannan bai rage wa gaton daɗi ba, bai kuma rage wa daɓen kyau ba. Amma yana nuna cewa fuskar Fotugal da baƙo ke gani, an yi mata kwalliya ne lokacin da masu ita suke ɗaure kayansu. A 1992 ma aka tuge mutum-mutumin gwamna Ferreira do Amaral, wanda yake bisa doki yana ɗaga bulala, aka tura shi Lisbon. An kawar da abin da ke tuna ƙarfin tuwo, an shimfiɗa abin da ke faranta ido.

Abin da ya tsufa da gaske yana can ƙarshen gari ta kudu maso yamma, inda ɗakin bautar A-Ma yake manne da dutse. Masunta ne suka gina shi domin abar bautarsu mai tsare matuƙa jiragen ruwa, ana kuma kai tarihinsa ga shekara ta 1488, tun kafin Bature ya iso. Daga sunan wannan mashigi, A-Ma-Gau, ake ganin sunan garin ya fito. Turawan Fotugal sun fara leƙo bakin kogin a 1513, amma sai a 1557 sarakunan gidan Ming suka bar su su zauna. Ba da yaƙi suka ci wurin ba, haya suka kama: azurfa ma'auni 500 na tayel kowace shekara, wato kusan kilo 19. An gina ganuwa da ƙofa a wuyan ƙasar da ta haɗa garin da tudu, ta nan abinci yake shigowa, duk ranar da baƙin suka yi taurin kai sai a rufe ƙofa har yunwa ta dawo da su hanya. Sun jure wannan zaman ne saboda riba. Sin ta hana mutanenta ciniki da Japon kai tsaye, Japon na son alharinin Sin, Sin na son azurfar Japon, su kuwa suka zama dillalai tsakanin Kanton da Nagasaki.

Da wannan dukiya aka gina cocin da bangonsa ya zama alamar Makawo. Malaman Kirista na ɗariƙar Jezuwit sun kafa kwalejin Santo Paulo a 1594, inda masu wa'azi ke koyon harshen Sin kafin su shiga ƙasar. Ta wannan gari Matteo Ricci ya bi a 1582. An fara cocin a 1602, aka kammala fuskarsa ta dutse wajajen 1640. Cikin masu sassaƙar akwai Sinawa, akwai kuma Kiristocin Japon da suka gudo bayan an haramta addininsu a 1614. Wanda ya ɗaga kai ya duba da kyau zai ga hannunsu: ga jirgin ruwan Fotugal da filafilansa, ga zakoki irin na ƙofar fadar Sin, ga furen da Japonawa ke girmamawa, ga dodo mai kai bakwai da rubutun Sinanci a gefensa. Kafin aikin ya ƙare ma, a 1639, Japon ta kori Turawan Fotugal, a 1641 Turawan Holan suka ƙwace Malaka, arzikin ya karye. An kori ƴan Jezuwit a 1762, ginin ya koma barikin soja, gobara ta cinye shi a 1835. Bangon gaba kaɗai ya tsira. Baƙo yakan shiga ta babbar ƙofa ya tarar da sararin sama, sai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda aka adana ƙasusuwan waɗanda aka kashe a Japon da Biyetnam saboda addininsu.

Daga nan hanya ta hau ganuwar Monte, inda igwoyi suke jere, yara na hawansu ana ɗaukar su hoto. Ran 24 ga Yuni 1622 rundunar Holan ta sauke mayaƙa kimanin 800 domin ta ci garin, a lokacin da yawancin fatake suna Kanton wajen sayen kaya. Labarin da ake yawan faɗa wa baƙi shi ne na wani malamin Jezuwit, Giacomo Rho, wanda ya harba igwa daga wannan tudu, harsashin ya faɗa kan albarushin maharan ya tarwatsa su. Abin da ya biyo baya ba a cika daɗewa kansa ba. Waɗanda suka afka wa Turawan Holan suka kora su har cikin ruwa, da yawansu bayi ne baƙar fata da aka kawo daga Afirka. Shi kansa gwamnan kamfanin Holan a Batabiya, Jan Pieterszoon Coen, ya amsa a rubuce cewa bayin ne suka ci mutanensa da yaƙi. An ƴanta wasu daga cikinsu a ranar. Garin ya yi ta bikin wannan rana har zuwa 1999, sunan malamin da na kwamandan sun shiga littattafai, su kuwa bayin a jimlace ake ambatonsu.

Akwai wani babi da ya fi wannan nauyi, ba shi kuma cikin abin da ake koya wa baƙo da hannu. Bayan Ingila ta karɓi Hong Kong a 1842, manyan jirage suka koma can saboda zurfin tasharta, Makawo ta rasa abin yi. Gwamna Amaral ya daina biyan haya, ya kori jami'an kwastan na Sin, a watan Agusta 1849 wasu ƙauyawa suka tare shi suka sare kansa. Garin ya nemi kuɗi ta hanyar halatta caca, da tataccen abin maye na ofiyom, da safarar mutane. Daga 1847 zuwa 1874 an kwashi Sinawa fiye da dubu 200 zuwa Kuba da Peru, mafi yawansu ta tashar Makawo. Dillalai kan yaudare su da alkawarin aiki, ko su kama su da bashin caca, ko su sace su kai tsaye, a tsare su cikin manyan rumfuna har jirgi ya cika, a sa su dangwala hannu kan kwantiragin shekara takwas da ba su iya karantawa. A Kuba sun sari rake kafaɗa da kafaɗa da bayin Afirka, a tsibiran Peru sun haƙi kashin tsuntsaye da ake sayar wa Turai a matsayin taki. Sinawa da kansu suna kiran wannan ciniki sayar da ƴaƴan alade. A cikin waɗannan shekaru ne aka gina gidan wasan kwaikwayo na Dom Pedro V (1860) da hasumiyar fitila ta Guia (1865), biyu daga cikin kyawawan wuraren da ke jerin UNESCO.

Ba za a ce hukumomi ba su yi komai ba game da tarihin talakan gari. Sana'o'i uku ne suka riƙe Makawo a rabin farko na ƙarni na 20: ashana, turaren wuta, da abin fashewa na bukukuwa, wanda mata da yara ke naɗawa a ƙofar gida. An buɗe tsohuwar masana'antar Iec Long ta Taipa ga jama'a a 2022, da wuraren ƙera jiragen katako na Lai Chi Vun a Kolowan a 2023. A can baƙo ya fi kusantar gumin mutanen da suka zauna garin fiye da a dandalin Senado.

Haɗuwar da ake ta yi wa kirari, inda ta faru da gaske shi ne cikin gida, wajen murhu. Matan Fotugal ba su cika yin wannan doguwar tafiya ba, saboda haka mazajen suka auri matan Malaka da Gowa da Japon, daga baya da Sinawan da suka shiga Kiristanci. Zuriyarsu su ne Makanis, kuma tukunyarsu ta riƙe hanyar da kakanninsu suka biyo. Minchi niƙaƙƙen nama ne da soyayyen dankalin Turawa da ruwan waken suya, ana ci da shinkafa. Balichão, wani daddawar ƙananan jatan lande, sunansa daga Malay yake. Kazar da ake kira ta Afirka, mai barkono da madarar kwakwa, tana tuna alaƙar garin da Mozambik, inda ake ɗebo sojojin da ke tsaron Makawo har cikin ƙarni na 20. Baƙon da ya zauna darasin girki ya koyi minchi ya taɓa abu mai asali. A 2017 UNESCO ta sa garin cikin biranen da suka shahara da girki, a 2021 Sin ta shigar da girkin Makanis cikin jerin gadonta na ƙasa.

Harshen waɗannan mata bai sami wannan sa'a ba. Ana kiransa Patuwa. Yawancin kalmominsa na Fotugal ne, amma ƙirarsa ta Asiya ce: aikatau ba ya sauya siga, sai dai a sa masa ƴar kalma a gaba, ta ga abin da ake cikin yi, ja ga wanda ya wuce, logo ga mai zuwa, tsarin da ba zai zama baƙo ga kunnen Bahaushe ba. Jam'i kuma da maimaici ake yin sa kamar a Malay, casa gida, casa-casa gidaje. Daga ƙarshen ƙarni na 19 makarantu suka tsaya kan harshen Lisbon, aka mai da Patuwa gurɓatacciyar magana ta tsofaffin mata, iyaye suka ji kunyar koya wa ƴaƴansu. Duk wanda ya yi lakol a zamanin da ake rataya wa yaro sambol a wuya don ya yi Hausa ko Zarma a aji ya san yadda irin wannan kunya take shiga jiki. Hijira ta ƙarasa sauran: zuwa Hong Kong da Shanghai da farko, daga baya zuwa Amurka, Kanada, Barazil da Ostareliya. Ƙididdigar da UNESCO ta dogara da ita ta ba da masu magana da shi mutum 50 a shekara ta 2000, shekara guda bayan an sauke tutar Fotugal a watan Disamba 1999.

Shi kansa harshen Fotugal, ko da yake yana nan a matsayin harshen hukuma tare da Sinanci, kuma yana rubuce da shuɗi bisa farin karo a kusurwar kowane titi, waɗanda ke magana da shi a gida ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Patuwa kuwa ya rage a rubuce-rubucen mawaƙi José dos Santos Ferreira, wanda ake kira Adé, da ya rasu a 1993, da kuma bakin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Dóci Papiaçám di Macau, wadda aka kafa a wannan shekarar. Takan hau dandamali lokacin bikin fasaha na garin da wasan barkwanci mai zolayar masu mulki da masu kuɗi. Zauren yakan cika, ana ta dariya, amma yawancin masu kallo idonsu yana kan allon da ake haska fassarar da Sinanci da Fotugis da Ingilishi.